Tsibirin da Ake Kiran Yayana

Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana dafa abinci a jiragen ruwa na dakon kaya. Daga tashar Jidda yake tashi, ya yi wata huɗu ko biyar, ya dawo da warin man jirgi a tufafinsa da gwangwanayen cakulan da ba ma iya karanta rubutun jikinsu. Mu uku ne a gidan: shi, da Inna, da ni. Kakanninmu daga Sudan suka zo, mu kuwa a unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife mu, a wani tsohon bene mai hawa uku wanda matakalarsa ke da duhu ko da rana tsaka. Ni ɗinki nake yi a ɗakin tsakiya, labule da abaya, masu shagunan kasuwar Bab Makka suna aiko min da yadi. Aurena ya mutu da wuri na dawo gida, ban sake fita ba.

A tafiyarsa ta ƙarshe jirginsu ya nufi arewa, can inda ruwan teku yake baƙi saboda sanyi. Guguwa ta same su, suka raɓe a bayan wani ɗan tsibiri suna jira ta wuce. A nan ya zame daga tsanin ƙarfe, ƙashin cinyarsa ya karye. Masunta na tsibirin ne suka zo da ƙaramin jirginsu suka ɗauke shi, domin akwai nas guda ɗaya a wurinsu. Jirgin kaya ya wuce abinsa da fasfonsa da takardunsa duka, a kan za a aiko masa da su. Kafin ƙafar ta haɗe kamfanin ya ruguje, aka rasa wanda za a tambaya. Wata takwas ya yi a tsibirin kafin a haɗa masa takardar dawowa.

A watannin nan yakan kira mu daga wayar nas ɗin, sau ɗaya a mako idan layi ya yarda. Abin da na fi tunawa ba muryarsa ba ce, iskar da ke bayansa ce. Ba ta taɓa yin shiru ba. Inna takan cire wayar daga kunnenta ta ce, "Wai a cikin buhu suka sa shi ne?"

Ya dawo mana zafi bai gama sauka ba, yana ɗingishi, ya rame, fatarsa ta yi haske kamar wanda ya daɗe a ɗaki. Maƙwabta suka cika gidan ana barka da arziki. Da aka watse, ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafar, ya ba mu labarin wurin. Ya ce babu itace ko ɗaya, sai ciyawa da duwatsu da tumaki da tsuntsayen teku masu kuka kamar jarirai. Mutanen duka za su shige bas ɗaya har a sami wurin kaya, yawancinsu tsofaffi. Wata baƙar ƙasa suke yankowa su busar, su hura wuta da ita. Azumi ya same shi a can lokacin da rana ba ta faɗuwa sosai, sai ta sunkuya bakin ruwa ta sake tashi, don haka da lokacin Makka ya riƙa buɗa baki, gari garau. Wata tsohuwa da ƙanenta ne suka saukar da shi a gidansu. Da suka gane ba ya cin yankansu, sai ƙanen ya jawo tunkiya ya miƙa masa wuƙa, ya juya baya har ya gama.

"Mutanen kirki ne," in ji Inna. "Allah ya saka musu."

"Amin, Inna," ya ce.

Kwana uku da dawowarsa muna cin abincin rana, wajen ƙarfe biyu. Lokacin nan ne unguwarmu take mutuwa, shaguna a rufe, titi ba kowa, ba ka jin komai sai gurnanin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, daga kowace taga. Ya kai loma baki ke nan sai hannunsa ya tsaya. Ya karkata kai gefe kamar mai sauraron sallama daga ƙasa. Ya daɗe a haka, leɓunansa na ɗan motsi. Can sai ya faɗi wata kalma guda, gajera, da ƙarfi, ba Hausa ba ce, ba Larabci ba ce. Sannan ya sa lomarsa a baki.

"Yaya, da wa kake?" na tambaye shi.

Ya dube ni kamar na tashe shi daga barci. "Kira ne," ya ce. "Na amsa."

Sai da muka matsa masa ya yi bayani. A tsibirin akwai ƙararrawa a bakin mashigar jiragen masunta. Kullum idan rana ta take a can, wato ƙarfe biyu a nan, tsohuwar da ta riƙe shi takan je ta kaɗa ta, sannan ta kira sunan kowane mutum na tsibirin, gida gida, daga kudu zuwa arewa. Duk inda kake, a ɗaki ko a bayan tumaki, za ka amsa da kalmar nan, ma'anarta ga ni. Wanda ya yi nisa, na kusa da shi ya miƙa amsarsa. An ce asalin abin, a zamanin kakarta wani mutum ya faɗa rami cikin hazon teku, ya kwana uku yana kira kusa da gidaje, kowa na zaton yana gidan wani. Tun daga nan ba a fasa ba. Waɗanda teku ta ci ba a ga gawarsu ba, su ma ana kiransu, a bar musu ɗan shiru, sannan a wuce. Sati biyu da zuwansa, yana kwance da ƙafa a ɗaure, ya ji ta kira sunansa a ƙarshen jerin, da irin lanƙwasar harshensu. Ya amsa daga kan gado.

"To ai yanzu ka dawo," in ji Inna. "Halas, ya wuce."

"Na sani, Inna. Amma tana kira."

Na ɗauka sabo ne, irin wanda jiki ke yi da lokaci. Don na tabbatar, washegari na cire batirin agogon bango, na ɓoye wayarsa a cikin kwandon ƙyallaye. Ya amsa duk da haka. Na riƙa duba agogon hannuna a ɓoye. Wata rana biyu daidai, wata rana da minti biyar, wata rana har da kwata. Ranar da ta kai da kwata na ji ya ce a hankali, shi kaɗai, "Gwiwar ce ta motsa mata yau."

Bayan kamar sati uku, wata Lahadi ƙarfe biyu ta yi bai amsa ba. Na ji daɗi har na gaya wa Inna a kicin. Shi kuwa ya kasa zama, ya fita baranda ya dawo, ya sake fita. Ƙarfe uku daidai yana tsaye a bakin ƙofa sai ya karkata kai, ya amsa. Sannan ya bugi goshinsa ya yi dariya.

"Can idan hunturu ya shigo mayar da agogo baya suke yi da awa ɗaya. Wallahi na manta."

Ban yi dariyar ba. Na koma kan keken ɗinki na zauna, na kasa zura zare a allura.

Inna ce abin ya fi ci. Shi ne ɗanta na fari, a al'adarmu kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Kai take ce masa, ko wannan. Wata rana tana tankaɗe ta ce min, "Ni da na ɗauke shi wata tara ban taɓa sa sunansa a bakina ba. Wata can a bayan duniya ta riƙe shi kullum tana jujjuyawa." Ta aika aka kira wani malami tsoho, mutumin Nijar, da ke limanci a ƙaramin masallacin bayan layinmu. Ya zo da hantsi ya yi masa ruƙiyya, Yaya ya zauna lafiya lau yana bin karatun, bai ko motsa ba. Malamin ya yi masa tambayoyi, yana salla, yana barci, yana ganin wani abu. Duk amsar lafiya ce. Da zai tafi ya tsaya a matakala ya ce wa Inna, "Hajiya, ni ban ga komai a jikinsa ba. Mutum aka yi wa alheri, zuciyarsa ta saura a can. Ya yawaita azkar. Amma idan wata rana ya ce an ce ya zo, to ku aiko min da gaggawa."

Rayuwa ta ci gaba a haka. Ƙafar ta hana shi komawa jirgi, sai ya sami sabon kafili mai tsaya masa a wurin hukuma, wani mai gidan abinci a Bab Makka, aka gyara masa iƙama, takardar izinin zama. Yana dafa shinkafa da wake da miyar kuɓewa ga 'yan dako da masu shaguna. Abokan aikinsa, 'yan Chadi biyu, suka mayar da abin wasa. Idan lokaci ya kusa sai su ce, "Yalla, matarka ta turai na kira." Shi ma yakan yi dariya, ya amsa kiransa, ya ci gaba da zuba abinci. Mu ma a gida muka saba, yadda ake sabawa da tarin maƙwabci ta bayan bango.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan, a tsakiyar sanyi, ɗaya daga cikin 'yan Chadin ya rako shi gida da la'asar. Ya ce tun ƙarfe uku yake tsaye da ludayi a hannu, mutane na jira, bai zuba ba, bai yi magana ba. Muka zaunar da shi. Hannunsa sanyi ƙalau kamar wanda ya fito daga ruwan ƙanƙara.

"Ba ta kira ba," ya ce.

Washegari ma haka, da jibi. Ya daina cin abinci. Ya lulluɓa da bargo biyu, ya ce a kashe mukayyif, muna gumi shi yana rawar ɗari. Ya yi ta neman wayar nas ɗin ba ta shiga, sai a kwana na huɗu da safe. Ya buɗe muryar wayar. Na ji iskar nan ta dā, da muryar mace tana magana a hankali cikin Turanci. Ni ba na jin Turanci sai kalma ɗaiɗai, don haka fuskarsa nake kallo. Ya ajiye wayar.

"Ta rasu," ya ce. "Ranar Litinin da hantsi, tana ɗaura igiyar takalmi za ta fita. Guguwa ce ta katse musu layi."

Litinin ce ranar da aka rako shi gida. Inna ta yi salati ta rufe bakinta da mayafi.

"Wa ke kiran yanzu?" na tambaya.

"Ba kowa. Ƙanenta ya kurmance, sauran kuma kowa na cewa ba shi ba. Wasu ma shirin komawa babban gari suke idan bazara ta yi." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Nas ta ce akwai abin da tsohuwar ta sha gaya mata. Wai tun da na tafi ba ta daina kirana ba, mutane suna ce mata ta bari, mutumin nan ya koma ƙasarsu. Sai ta ce musu duk cikinku shi kaɗai ne bai taɓa makara ba."

A ƙasa wani mai sayar da iskar gas yana wucewa yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

Washegari zazzaɓin ya sake shi, ya ci abinci, ya yi wanka. Uku saura kaɗan na ji takunsa a matakala, ƙafa ɗaya na jan ɗaya, ya hau saman bene. Daga inda nake ɗinki na jiyo muryarsa. Sunaye yake kira, ɗaya bayan ɗaya, sunayen da ban taɓa ji ba, masu wuyar faɗa. Bayan kowanne yana ɗan dakatawa. Bayan wasu kuma dakatawar ta fi tsawo. Ya roƙi maigidansa ya canza masa lokacin hutu, tun daga ranar kullum sai ya tako daga Bab Makka cikin rana, ya hau sama, ya yi kiransa, ya sauko ya koma aiki.

Inna ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce za a ce ɗanta ya taɓu. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ba bauta ba ce, ba tsafi ba ne. Idan ba a kira ba wani zai ɓace ba a sani ba. Wata takwas suna ciyar da ni."

"Su suna jin ka daga nan?"

"Ni dai na ji ta daga can."

Sau ɗaya na hau na same shi. Na fake da shanya ne, na ɗauki bokitin wanki. Rana ta ƙwalle, siminti na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Yana tsaye a bakin katanga ya ba ni baya, fuskarsa wajen teku, inda ake hango kawunan injinan ɗaga kaya na tasha. Na tsaya kusa da tankin ruwa ina matse zani ina saurare. Ya kai wajen tsakiyar jerin ya kira wani suna, muryarsa ta ɗan karye, na gane na tsohuwar ne. Ya yi shiru. A cikin shirun nan na ji an yi gyaran murya, irin na tsohuwa mai majina a ƙirji, daga ɗaya gefen tankin, kusa da ni har na ji kamar zan iya miƙa hannu.

Na zagaya tankin. Babu komai sai tsohuwar kujerar roba da kashin tattabaru. Na leƙa rufin maƙwabta, ko da yake na san mutanen gidan sun tashi tun watan jiya, an garƙame ƙofarsu da sarƙa. Yaya bai waiwayo ba, ya wuce suna na gaba. Na bar wankin a bokiti na sauko. Da dare ya tambaye ni me ya sa na bar kayan a jiƙe, na ce jiri ne ya ɗebe ni. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Ya yi kusan shekara biyu yana wannan hawan. A tsakani Inna ta kwanta ciwo, ta rasu a asibiti wata Alhamis da safe. Ko ranar jana'izarta, bayan an dawo daga maƙabarta gida cike da 'yan gaisuwa, ya zame ya hau sama. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, har na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Abin ya zo ƙarshe ne ta hanyar da ban zata ba. Nas ɗin ta turo masa saƙo cewa jikar ƙanen tsohuwar, wadda ke aiki a babban gari, ta dawo tsibirin da mijinta za su yi kiwo, kuma ta ɗauki ƙararrawar. Ya karanta saƙon sau uku. Ranar bai hau sama ba, ya zauna a falo yana jira, ni ma ina zaune ina kallonsa. Lokaci ya yi, ya wuce, har aka kira la'asar.

"Ba ka ji ba?" na ce.

"Ba ta san ni ba," ya ce. "Ba ta sa ni a ciki ba." Ya yi ajiyar zuciya, ban iya gane ko ta baƙin ciki ce ko ta hutu ba. Ya tashi ya yi alwala.

Daga nan ya murmure. Ya yi ƙiba, ya koma zama da abokai a shagon shayi, har ya fara neman wata bazawara 'yar Sudan mai sayar da turare. Da maganar aurensu ta kankama, ga shi mai benen namu ya ce zai sayar, sai muka kama wani gida a kudancin gari, su a ƙasa ni a sama.

Ranar tashi muka loda kaya a motar dako tun hantsi, ba mu gama ba sai bayan azahar. Yaya ya shiga gaba kusa da direba, ni ma har na sa ƙafa sai na tuna babban almakashina, na bar shi a kan taga. Na ce su jira ni, na koma ciki. Matakalar shiru, ɗakunan wayam, takuna na amsa kuwwa. Na kai hawa na biyu ke nan na ji murya daga sama. Muryar Yaya ce, ba ta wani ba, da yadda yake jan ƙarshen kowane suna. Tana kira tana dakatawa, tana kira tana dakatawa.

Akwai ƙaramar taga a kwanar matakalar mai kallon titi. Na leƙa. Ga motar a ƙasa, ga gwiwar hannunsa a waje ta tagar mota, yana miƙa wa direba gorar ruwa, suna hira.

Na tsaya na ji sunaye huɗu ko biyar. Sannan na juya na sauko, ina riƙe bango da hannu biyu. Na shiga mota na ja ƙofa.

"Kin samo?" ya tambaye ni.

"A'a."

Ya dubi fuskata, ya ɗaga kai ya dubi saman benen ta gilashin gaba, ya daɗe. Sannan ya taɓa kafaɗar direba.

"Yalla, mu je," ya ce. "Zan saya mata wani a Bab Makka."